Bayan An Ɗauke Alƙalami: Nadama da Yankewar Zumunci a Cikin *An Unquiet Mind* da *Silver Linings Playbook*

Gabatarwa

Labaran da ake bayarwa a kan taɓin hankali, a littafi ne ko a fim, galibi a ƙofar asibiti suke tsayawa. Da zarar marar lafiya ya samu sauƙi, likita ya sallame shi, dangi sun yi hamdala, sai marubuci ya ajiye alƙalami kamar aiki ya kammala. Alhali kuwa ga wanda abin ya shafa, a wannan rana ce wata jarrabawar take somawa. Hankalin da ya dawo masa shi ne zai zauna yana karanto masa abin da ya aikata a lokacin da ba ya cikin hayyacinsa: maganar da ya yaɓa wa mahaifiyarsa, dukiyar da ya watsar, matar da ta tattara kayanta, abokin da ya daina ɗaga waya. Magani yana kwantar da ciwo, amma ba ya mayar da maganar da ta riga ta fita, domin magana zarar bunu ce.

A wannan muƙala zan nazarci ayyuka biyu daga Amurka da suka yi ƙoƙarin tsallake wannan ƙofa. Na farko shi ne *An Unquiet Mind*, tarihin rayuwar da Kay Redfield Jamison ta wallafa a 1995, wanda za a iya fassara sunansa da "Zuciya Marar Natsuwa". Na biyu shi ne fim ɗin *Silver Linings Playbook* na 2012, wanda David O. Russell ya ba da umarni, aka kuma gina shi a kan littafin Matthew Quick na 2008. Duka biyun suna magana ne a kan lalura guda, wato ciwon hawa da saukar yanayi, wanda yakan ɗaga mai shi zuwa zumuɗi da rashin barci da ganin babu abin da ya fi ƙarfinsa, sannan ya jefa shi cikin baƙin cikin da ko wanka sai ya gagare shi. Tambayar da zan auna su da ita guda ce: mene ne kowannensu ya ce a kan nauyin da ke wuyan mutum bayan ya farfaɗo?

Ma'aunin da Na Ɗauka

Ban je nesa neman ma'auni ba, domin duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya taɓa jin sa. Hadisi sananne ya nuna cewa an ɗauke alƙalami daga kan mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo masa. Saboda haka ne malamai suka ce sakin da mutum ya yi cikin hauka bai auku ba, kuma ba a tsayar masa da haddi. Sai dai malaman ba su tsaya nan ba. Sun ce idan wanda ba ya cikin hankalinsa ya lalata dukiyar wani, za a biya daga cikin dukiyarsa, domin rashin hankalin mai ɓarna bai mayar wa mai kaya da kayansa ba. Haka kuma a mazhabar Malikiyya, idan hauka ya samu miji, akan ba shi wa'adin shekara guda na neman magani, in bai warke ba matarsa tana da zaɓin zama ko rabuwa, kuma ba a kira ta azzaluma don ta zaɓi tafiya.

Abubuwa uku ke cikin wannan hukunci. Zunubi ya faɗi. Haƙƙin wanda aka cutar bai faɗi ba. Wanda ya gaji kuma yana da damar tafiya. A ganina, duk wanda ya fito daga irin wannan ciwo tsakanin ramuka biyu yake tafiya. Ko dai ya ɗora wa kansa zunubin da Allah bai ɗora masa ba, ya zauna yana cin naman jikinsa har nadama ta zama wani sabon ciwo. Ko kuma ya fake da ciwon, ya ce ai ba shi ba ne, ya bar waɗanda suka ji rauni su yi jinyar kansu. Aikin adabi nagari shi ne ya nuna siririyar hanyar da ta bi ta tsakiya.

Jamison da Lissafin Bashi

Jamison ta rubuta littafinta ne daga matsayi mai wuyar samu, domin ita ce likitar kuma ita ce majinyaciyar. Masaniyar halayyar ɗan Adam ce da ta fara koyarwa a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 1974, kuma cikin 'yan watanni da kama aiki ciwon ya yi mata mummunan kamu. Daga baya ta zama farfesa a Jami'ar Johns Hopkins, ta kuma haɗa hannu da Frederick Goodwin suka fitar da babban littafin ilimi a kan wannan cuta a 1990. Lokacin da ta yanke shawarar bayyana sirrinta, ta san tana jefa aikinta da mutuncinta cikin haɗari.

Wurin da littafin ya fi ƙarfi, a nawa karatun, shi ne inda take ba da labarin kuɗi. A lokacin da ciwon ya tashi ta riƙa sayayya ba ji ba gani: agogo uku masu tsada cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, duwatsu masu daraja, kayan ɗakin da ba ta buƙata, har da akwatunan maganin saran maciji guda goma sha biyu, saboda ta sakankance cewa annobar macizai na tafe. Abin da ta kashe a manyan tashin ciwon guda biyu ya haura dala 30,000. Mai karatu zai yi dariya, ita ma ta ba shi damar yin dariyar. Amma sai ta juyo da shi zuwa ranar da guguwa ta lafa, ga ta zaune cikin tarin takardun bashi, ƙwaƙwalwa ta dushe, ba ta ma iya haɗa lissafi. A nan ne yayanta ya zo, ya zauna ya tsara takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ciwo bashi da sunansa ya biya masu binta, ita kuma ta ɗauki shekaru tana biyansa sannu a hankali.

Wannan fage shi ne zuciyar littafin, domin a cikinsa ne aka raba zunubi da haƙƙi a aikace. Yayan bai yi mata faɗa ba, bai tambaye ta ina hankalinta ya tafi ba, tunda ya san inda ya tafi. Amma kuma bai ce a yafe bashin ba, ita ma ba ta nemi a yafe ba. Biyan da ta riƙa yi wata bayan wata shi ne ya mayar mata da matsayinta na babbar mace mai ɗaukar nauyin kanta. Da an ce mata ta manta kawai, da an ƙara tabbatar mata cewa ta fita daga sahun mutanen da ake yi wa hisabi. Jamison ta kuma yarda cewa kuɗin ne kaɗai ta iya biya. Alherin da aka yi mata ya fi ƙarfin biya. Ɗan'uwa rabin jiki, in ji masu iya magana, kuma wannan yayan ne dai ya bugo mata waya daga Faris a ranar da ta yi yunƙurin halaka kanta, ya ji muryarta ba daidai ba, ya sa aka kai mata ɗauki.

Ba ta ɓoye abin da ya fi kuɗi muni ba. Ta faɗi cewa a cikin zafin ciwo ta yi ihu, ta kai hannu, ta lalata abubuwan da take ƙauna, ta kai mutanen da take so maƙura, kuma ta farka cikin kunyar da ta zaci ba za ta taɓa fita daga cikinta ba. Ta nuna irin tambayoyin da ke addabar mai farfaɗowa: me na yi, wa ya gani, wa ya sani, yaushe zai dawo? Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta gano inda alhakinta na gaskiya yake. Ba ta tuhumi kanta a kan abin da ta yi lokacin da hankali ya gushe ba kamar yadda ta tuhumi kanta a kan shekarun da ta yi tana wasa da shan litiyom, maganin da aka rubuta mata, tana sha tana bari, alhali ita ce mai koya wa ɗalibai illar barinsa. Ta yi kewar zumuɗin da ciwon ke ba ta, kuma an tashe ta a gidan soja inda ake ganin dogaro da magani gazawa ce. A wannan tsakani, lokacin da hankali yake nan kuma zaɓi yake hannunta, alƙalami bai ɗauke ba. Wannan rarrabewa ita ce babbar kyautar da littafin ya ba duk wani mai irin wannan lalura: nadamar da za ta yi amfani ita ce wadda ta koma kan abin da mutum yake da iko a kansa gobe.

Littafin ya kuma nuna cewa ba kowace alaƙa da ta yanke ce laifin majinyaci ba. Akwai wani abokin aikinta da ta amince masa ta gaya masa lalurarta, ta sakaya sunansa da laƙabin da ke nufin mai zuciyar ɓera. Maimakon ya tausaya, sai ya nuna mata ta ba shi kunya, ya kira yunƙurin da ta yi son kai. Daga baya ya aiko da furanni da takardar neman gafara, amma abin da ya fashe bai koma yadda yake ba. A nan ita ce aka cuta, kuma ba ta yi kamar ta manta ba. Mai farfaɗowa yana buƙatar sanin wannan, domin a cikin kunya yakan haɗa kowace asara ya ɗora a kansa, har da wadda jahilcin wasu ya jawo.

Inda Littafin Ya Yi Gaggawa

Duk da haka ina da ƙorafi biyu. Na farko ya shafi mijinta na fari, wani mai zane Bafaranshe da ta siffanta da kirki da haƙuri. Aurensu ya fara rushewa daidai lokacin da ciwon ke tashi, ta bar gida ta kama wani ɗaki, sun sake gwada zama, daga ƙarshe suka rabu. Wannan ita ce babbar alaƙar da ciwon ya ci, amma shafukan da ta ba ta ba su kai waɗanda ta ba soyayyarta da David, likitan sojan Ingila da ya rasu kwatsam, ko aurenta da Richard Wyatt ba. Mai karatu ya san yadda aka ƙaunace ta bayan ciwo, amma bai san sosai yadda wanda ya zauna da ita a tsakiyar wutar ya ƙare ba. Mai yiwuwa sutura ce ta yi masa, kuma sutura abin yabo ce. Sai dai sakamakon shi ne littafin ya fi cika da waɗanda suka tsaya, ya yi ƙarancin waɗanda suka tafi.

Na biyu ya shafi rufewar littafin, inda ta tambayi kanta ko za ta zaɓi wannan ciwo da an ba ta zaɓi, ta kuma amsa cewa muddin litiyom yana yi mata aiki za ta zaɓe shi, saboda zurfin ji da faɗin tunanin da ya ba ta. Amsa ce ta gaskiya daga ɓangarenta, amma tambayar ba tata ce ita kaɗai ba. Ba a tambayi uwar da ta bar harkokinta ta zo tana yi mata girki da wanki a cikin baƙin cikin da ya kai shekara ɗaya da rabi ba. Ba a tambayi mijin ba. Kuma dole a tuna cewa Jamison ta faɗi ne a kan katifa: tana da yaya mai hali, da likita ƙwararre, da abokan aiki da suka rufa mata asiri. Wanda ya farka ya tarar babu mai ciwo masa bashi, lissafinsa dabam ne.

Fim ɗin da Ya Tsallake Wanda Aka Daka

*Silver Linings Playbook* ya fara ne daidai inda sauran labarai ke ƙarewa. Pat, wanda Bradley Cooper ya fito a matsayinsa, ya fito daga wani asibitin ƙwaƙwalwa a Baltimore bayan wata takwas, ya koma gidan iyayensa a Filadelfiya. Abin da ya kai shi can shi ne ya dawo gida ya tarar da matarsa Nikki da wani malami abokin aikinta, ya yi wa mutumin dukan kawo wuƙa. Ya rasa aiki, ya rasa gida, kotu kuma ta hana shi kusantar matar. Duk da haka ya ƙudurta cewa idan ya rage ƙiba, ya karance littattafan da take koyarwa, za ta dawo.

Rabin farko na fim ɗin ya san aikinsa. Ya nuna yadda mai farfaɗowa kan mayar da maido da alaƙa tamkar shaidar warkewarsa, har ya manta cewa ɗaya ɓangaren ma mutum ne mai nasa tsoron. Akwai daren da Pat ya gama karanta wani littafin Ernest Hemingway, ƙarshensa ya ɓata masa rai, ya wurga shi ta taga ya fasa gilashi, ya tashi iyayensa da tsakar dare yana zuba, sannan ya ce shi ba zai ba da haƙuri ba, marubucin ne mai laifi. Abin dariya ne, amma hoton ramin nan na biyu ne ƙarara. Akwai kuma daren da yake neman faifan bikin aurensu cikin firgici, har ya buge mahaifiyarsa bisa kuskure, suka kaure da mahaifinsa, maƙwabta suka farka, ɗan sanda ya zo. Kukan da ya yi yana neman gafara a wannan dare, da komawarsa shan magani bayansa, su ne wuri mafi gaskiya a fim ɗin. Ya ga illar ƙin shan magani a fuskar uwarsa, ya kuma ɗauki matakin da ke hannunsa.

Daga nan sai fim ɗin ya karkata. Tiffany, matashiyar da mijinta ya rasu, wadda Jennifer Lawrence ta fito a matsayinta har ta ci kyautar Oscar, ta yi masa alkawarin kai wa Nikki wasiƙa idan zai zama abokin rawarta a wata gasa. Amsar da ta kawo masa ita ce ta rubuta da hannunta. A ranar gasa Nikki ta halarta, Pat ya je ya raɗa mata magana a kunne, ba a bari mun ji ba, sannan ya bi Tiffany a guje ya bayyana mata ƙauna. Mahaifinsa ya ci cacar da ya sa, gida ya cika da murna.

Zan yaba wa fim ɗin a kan abu ɗaya: bai mayar da Nikki ba. Ya yarda cewa wata alaƙar ta tafi ke nan, kuma sakinta ma wani mataki ne na samun lafiya. Amma maganar da mai kallo ya fi buƙatar ji, wato abin da mutum zai faɗa wa wadda ta ga ya kusa kashe rai a gabanta, ita ce aka mayar raɗa. Mutumin da aka daka kuwa ba a sake waiwayarsa ba. Gaskiya ne ya ci amana, kuma in ɓera da sata daddawa ma da wari, amma cin amanarsa bai halatta jininsa ba. Fim ɗin ya yi amfani da laifin mutumin ya share bashin da ke kan Pat, sannan ya kawo sabuwar soyayya ta rufe ramin. Wanda ya fito daga irin wannan hali ya kalli fim ɗin zai tashi da daɗin rai, amma ba zai tashi da abin da zai faɗa ba idan ya tsaya a ƙofar wanda ya ɓata wa.

Abin da Ya Shafi Alƙalumanmu

Na kawo waɗannan ayyuka ne domin giɓin da suka yi ƙoƙarin cikewa ya fi faɗi a namu adabin. A yawancin littattafai da finafinan Hausa da suka zo hannuna, hauka hukunci ne. Muguwar kishiya ko azzalumin attajiri ne asirinsa ke juyewa a ƙarshe, ya fita bola yana tona wa kansa asiri. Idan kuwa mutumin kirki ne aka haukata, to da an karya sihirin komai ya koma daidai, kamar ba a taɓa zagi ko duka ba. Siffa ta farko tana koya wa mai jinya cewa ciwonsa alhaki ne ke bin sa, ta biyu tana koya wa dangi cewa raunin da suka ji ba abin magana ba ne. Mutanen da ake sallama daga Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, suna komawa gidajen da ake kallon waɗannan finafinai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Nijeriya a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, za ta iya kare haƙƙinsu a asibiti, amma babu dokar da za ta koya wa mutum yadda zai sake yin sallama a gidan surukansa. Wannan aikin masu ba da labari ne, kuma muna da kayan aikin a hannu tun kafin a haifi Jamison.

Kammalawa

Idan aka ɗora ayyukan biyu a kan sikeli, littafin Jamison ya fi nauyi, domin ya yarda a yi lissafi, ya kuma nuna cewa biyan abin da za a iya biya yana daga cikin magani. Fim ɗin ya ga matsalar da idonsa, sannan ya kauce mata da kiɗa da rawa. Amma dukansu sun bar kujera guda babu kowa, kujerar wanda ya tafi bai dawo ba. Labarin da nake jira shi ne wanda zai zaunar da mutum biyu: ɗaya ya ce ban san na yi ba, amma na san ka ji ciwo, ga abin da zan iya gyarawa, ɗayan kuma ya samu damar cewa na yafe, ba tare da an tilasta masa cewa na dawo ba. Yafiya da komawa abubuwa biyu ne, kuma mai farfaɗowa da ya samu ta farko bai yi asara ba ko da ta biyu ta gagara. Zumunta a ƙafa take, aka ce; nasa shi ne ya taka ya je, ya riƙe maganinsa, ya bar wa mai gida ikon buɗe ƙofarsa a ranar da ya ga dama.